Timoti ko Alfalfa: Wanne Zan Saya wa Zomayen 'Yata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. 'Yata tana kiwon zomaye biyu don sha'awa, ba don yanka ko sayarwa ba: babbar zomanya mai wata 11, da wani ɗan ƙarami mai wata 3 da aka ba mu kyauta kwanan nan. Abincinsu harawar wake da ta gyaɗa ne, da dusa, da ɗan ganyen da ya rage daga cefane. Ƙanena da ke Abuja ya ce zai aiko mana da curarren abincin zomo na kamfani, wanda ake kira felet, amma ya tarar da iri biyu a shago, ɗaya na timoti, ɗaya na alfalfa, kuma na alfalfa ya fi araha. Babbar ta yi ƙiba sosai, sannan inda ta yi fitsari, idan ya bushe, yakan bar farin gari a ƙasa. Wanne zan ce ya sayo mana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya saka da alheri bisa kulawar da kike yi wa waɗannan bayin Allah, ya kuma raya 'yar taki. Babbar zomanyar na timoti ya dace da ita. Ƙaramin kuwa zai amfana da na alfalfa har ya kai wata 6 zuwa 7, daga nan shi ma a mayar da shi kan timoti. Idan buhu ɗaya kawai ƙanen naki zai iya aikowa, to ya zama na timoti, ko da ya fi tsada, domin abin da alfalfa za ta ba ƙaramin yana nan a gidanki tun tuni, kamar yadda zan bayyana.

Timoti ciyawa ce ta ƙasashen sanyi, wadda ake nomawa a Turai da Amurka da Kanada ana busarwa don dawaki da shanu, kuma ta ɗauki sunan wani manomi, Timothy Hanson, wanda ya yaɗa shukarta a Amurka wajejen 1720. Ba ta jure zafi irin namu, shi ya sa ba za ki gan ta a fadamar Kwalkwalawa ko ta Wamakko ba. Alfalfa kuwa, duk da cewa ana yankarta ana busarwa kamar ciyawa, dangin wake da gyaɗa ce. A nan bambancin ya samo asali. Busasshiyar timoti tana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin kashi 8 zuwa 11 cikin 100, kalsiyam ɗinta kuma, wato sinadarin gina ƙashi da haƙora, bai cika kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Busasshiyar alfalfa tana kaiwa kashi 15 zuwa 20 na furotin, kalsiyam ɗinta kuma ya kusa ninka na timoti sau uku. Dabbar da ke girma, ko mai ciki, ko mai shayarwa, tana da inda za ta kai wannan ƙarin. Zomanyar da ta gama girma, ba ta goyo, kuma yawancin yininta a keji take, ba ta da inda za ta kai shi, sai ya zama kitse a jikinta da gari a mafitsararta.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne wannan: harawar da kike ba su 'yar'uwar alfalfa ce. Harawar wake da ta gyaɗa duka ganyen dangin wake ne, masu yawan furotin da kalsiyam, dalilin da ya sa masu kiwon ragunan layya suke rububinsu a Kasuwar Kara idan Babbar Salla ta gabato. Shawarar da ake rubutawa a bayan buhunan nan an tsara ta ne don mutanen da zomayensu suke wuni kan busasshiyar ciyawa zalla, saboda haka ɗan felet na alfalfa ba lalle ya dame su ba. Zomanyarki kuwa harawa take ci safe da yamma, ga dusa a kai. Idan kika ƙara mata felet na alfalfa, kin tara mata abinci mai nauyi uku a ciki ɗaya. A ganina ƙibar da kika ambata da farin fitsarin duk daga nan suka taso, tun kafin felet ya shigo gidan.

Batun fitsarin yana buƙatar bayani, domin a nan zomo ya bambanta da yawancin dabbobi. Akuya ko kare, hanjinsu yana ɗaukar gwargwadon kalsiyam ɗin da jiki yake buƙata, sauran ya fita a kashi. Hanjin zomo kuwa yana tsotse mafi yawan abin da aka ba shi, sai ƙoda ta tace rarar ta zubar a fitsari. Farin garin da kike gani sinadari ɗaya ne da na farar ƙasar da ake haƙowa a Kalambaina don yin siminti. Fitsarin zomo mai lafiya ma yakan yi gurɓi-gurɓi, ya bar ɗan fari idan ya bushe, wani lokaci kuma ya yi ruwan lemo ko ja-ja saboda launin ganyen da ya ci, don haka ganin farin kaɗai bai isa ya tayar miki da hankali ba. Matsalar tana farawa ne idan garin ya yi yawa har ya kwanta a mafitsara ya yi kauri, ko ya dunƙule ya zama tsakuwa. Ba yawan kalsiyam kaɗai yake jawo hakan ba: ƙarancin shan ruwa, da ƙiba, da rashin motsa jiki duk suna da hannu, domin zomon da ba ya tsalle ba ya girgiza abin da ya kwanta a mafitsararsa, kuma mai ƙiba ba ya iya tsugunawa da kyau ya juye fitsarinsa duka. Zomanyarki ta riga ta haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan. Kada kuma ki ɗauka cewa magani shi ne a raba ta da kalsiyam gaba ɗaya, domin ƙashi da haƙora suna buƙatarsa. Rage yawan ake so.

Ki sa ido a kanta cikin makonnin nan. Idan kika ga tana yunƙurin fitsari ba ya fita sai ɗigo-ɗigo, ko fitsarin ya yi kauri da yashi-yashi, ko ƙasan wutsiyarta da cinyoyinta kullum a jiƙe har gashin wurin yana zuba, ko tana taƙure wuri ɗaya tana cizon haƙora, to lamarin ya wuce na canjin abinci, sai likitan dabbobi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato, kuma hoton ciki yana nuna tsakuwar mafitsarar zomo sarai. Haka nan idan ta ƙi cin abinci ko ta daina kashi na tsawon awa 12, kada a jira gobe, domin hanjin zomo idan ya tsaya yana iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ina roƙonki kada a ba ta maganin mutane daga kemis, musamman amoksisilin da danginsa, waɗanda suke kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjin zomo, su jawo gudawar da ba kasafai ake tsira daga ita ba.

Ita ma ƙibar ba ƙaramin abu ba ce. Zomo yana fitar da kashi iri biyu: busasshe mai zagaye da kowa ya sani, da wani mai laushi, a cure, wanda yawanci da dare ko da asuba yake fita, kuma zomon yana sunkuyawa ya cinye shi kai tsaye, domin a cikinsa yake samun wasu bitamin da furotin da bai samu a zagayen farko ba. Wannan halittarsa ce, kada a hana shi. Zomon da abinci mai nauyi ya ƙosar da shi ba ya damuwa da cin wannan kashin, wanda ya yi ƙiba kuma ba ya iya lanƙwasawa ya kai bakinsa wurin, sai kashin ya manne a gashi. Da damina, lokacin da ƙudaje suke yawa, wurin yakan zama mazubar ƙwansu, tsutsa ta fito ta ci naman dabbar tana raye. Ki shafa bayanta da gefenta da hannu: ya kamata ki ji haƙarƙarinta a ƙarƙashin fata ba tare da kin danna da ƙarfi ba. Idan sai kin lalubo su, to ƙibar ta yi yawa.

Ɗan ƙaramin, nasa lissafin daban ne. A wata 3 yana tsakiyar gina ƙashi da tsoka, kuma abincin manya zalla zai iya barin shi a tsumbure. Idan an sami ƙaramin buhu na alfalfa, a ba shi ya ci gwargwadon buƙatarsa, amma a ajiye masa ciyawa a gefe tun yanzu, domin zomon da ya tashi kan felet kaɗai yana da wuyar komawa kan ciyawa idan ya girma. Idan na timoti kawai aka samu, a ba shi shi, a haɗa masa da harawa mai kyau kullum, za ta cike gurbin. Daga wata 6 zuwa 7 a fara rage harawar ko alfalfar ana ƙara ciyawa, ta yadda kafin ya cika shekara ya koma kan tsarin babbar. Wannan yana nufin dole a raba musu wurin cin abinci, in ba haka ba babbar za ta ture shi ta cinye rabonsa.

Duk wannan magana a kan felet muke yi, alhali felet ƙaramin kaso ne na abin da ya kamata zomo ya ci. Tushen abincinsa ciyawa ce mai tsawo da tauri, wadda masana suke cewa ta zama kusan kashi 80 cikin 100 na cimarsa, a aikace kuma dami ne da ya kai girman jikinsa kowace rana. Dalili biyu ne. Haƙoran zomo, na gaba da na matauni, ba sa daina tsawo har ya mutu, na gaba suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a mako, kuma tauna ciyawa gefe da gefe ita take goge su. Felet, na timoti ne ko na alfalfa, an riga an niƙa shi, yana farfashewa a baki cikin sauri, don haka ba ya wannan aikin. Idan haƙoran matauni suka yi tsini sukan yanki harshe da kumatu, sai ki ga zomo yana dalalar miyau, yana son abinci ya kasa ci. Dalili na biyu shi ne hanji, wanda ba ya motsi yadda ya kamata sai da faiba, wato zaren ciyawa mai tauri da ba ya narkewa. Zomo ba ya amai, saboda haka gashin da yake haɗiya idan yana lasar jikinsa ba shi da mafita sai ta ƙasa, kuma ciyawar ce take tura shi.

Ba sai an yi odar busasshiyar timoti daga waje ba, domin Allah ya hore mana ciyawar da za ta tsaya a matsayinta. Kyasuwa, da burburwa, da harkiya, da kiri-kiri, da gamba tun tana ɗanya shakaf kafin kararta ya yi ƙarfi, duka ciyawa ce ta gaskiya, mai yawan faiba da ƙarancin kalsiyam. Mafi kyau a yanke su wajen ƙarshen damina, cikin watan Satumba, kafin su fitar da kai, a shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙayau da sauran kore a jikinsu, a ɗaure a ɗora a kan rumfa inda raɓa da gara ba za su kai ba. Da rani ana samun busasshiyar ciyawa wurin masu sayar da abincin dabbobi. Ki sa a shinshina kafin a saya: mai warin rima, ko mai baƙi-baƙi ko fari-fari na fumfuna, a bar ta komai arharta, domin zomo yana cikin dabbobin da gubar fumfuna take saurin kamawa, wannan kuma ya shafi harawar gyaɗar da ruwa ya taɓa. A kakkaɓe ƙarangiya daga ciki. A guji ciyawar bakin kwalta da ta gefen gonar da aka yi wa feshi, a kuma tambayi mai harawar wake ko an fesa wa gonar maganin ƙwari daf da girbi, tunda wake yana cikin amfanin da aka fi yi wa feshi.

Ga babbar, awon felet da ake bi shi ne kimanin giram 25 ga kowane kilo 1 na nauyin jikinta a rana. Idan nauyin da ya dace da ita kilo 2 ne, giram 50 ke nan, wajen cokalin cin abinci 4 ko 5, a raba safe da yamma. Ki lura, da nauyin da ya kamata ta kasance za a yi lissafi, tunda yanzu ta zarce shi. Sikelin masu sayar da kaji ko na kicin ya isa a auna ta, a saka ta a kwando a cire nauyin kwandon. Zai yi wa 'yarki wuya ta ga kwanon ya ƙare cikin minti kaɗan zomanyar tana kallonta, don haka ki fahimtar da ita cewa ƙarewar kwanon ita take mayar da dabbar kan ciyawa. Harawa kuma a rage ta zuwa ɗan cikin hannu sau biyu ko uku a mako.

Canjin ya kasance a hankali, cikin mako 2 zuwa 3. A fara zuba ciyawar tare da harawar da ta saba, a cakuɗa su don ta ɗauki ƙanshin, kowane kwana uku ko huɗu a rage harawa a ƙara ciyawa, felet kuma a fara da cokali ɗaya. Mai yiwuwa ta yi yaji a kwanakin farko, domin harawa ta fi daɗin baki, amma kada a bar ta da yunwa don a tilasta mata. Zomo mai ƙiba idan ya daina ci, hantarsa tana iya lalacewa cikin 'yan kwanaki. Kashinta shi zai gaya miki yadda ake ciki. Idan yana fita da yawa, manya-manya, a bushe, to lafiya lau. Idan ya ƙanƙance ko ya ragu ko ya yi ruwa, a koma matakin baya a ƙara jira.

Ga abin da za ki gaya wa ƙanenki kafin ya biya kuɗi. Ya juya bayan buhun ya karanta jerin kayan haɗi, domin abin da aka rubuta da farko shi ya fi yawa a ciki, kuma akwai buhunan da suke ɗauke da hoton timoti a gaba alhali alfalfa ce kan gaba a jerin. Wasu kamfanoni, musamman na Ingila da Afirka ta Kudu, suna rubuta lucerne, ita ce dai alfalfa. Na babba ya kasance faibarsa ba ta gaza kashi 18 cikin 100 ba, in ta haura 20 ya fi, furotin kashi 12 zuwa 14, kalsiyam ƙasa da kashi 1. Na ƙarami furotin wajen kashi 16. Ya zaɓi wanda ƙwayoyinsa duka iri ɗaya ne, ya bar mai gauraye da masara da 'ya'yan itatuwa da abubuwa masu launi, domin zomo yakan tsince masu zaƙin ya bar masu amfanin. Ya tabbatar an rubuta na zomo ne, tunda akwai curarriyar ciyawa zalla da ake yi wa dawaki, wadda ba a zuba mata bitamin ba. Ya duba ranar lalacewa, kuma ya ɗauki ƙaramin buhu: zomanya ɗaya kilo ɗaya da rabi za ta ci a wata, babban buhu kuwa zai daɗe a zafin Sakkwato har bitamin ɗinsa ya mutu, man da ke ciki ya yi ɗoyi. Idan ya iso, a juye a bokiti mai murfi, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Ranar da ya ƙare kafin wani ya iso, ciyawa da ganye sun isa su riƙe babbar. Kada a cike gurbin da abincin kaji, domin na masu ƙwai an cika shi da kalsiyam saboda ɓawon ƙwai, wasu kuma ana zuba musu maganin cutar hanjin kaji da yake guba ga zomo.

Dusa a janye ta daga babbar gaba ɗaya, haka gero da masara da burodi. Ganyen cefane kuwa a ci gaba da bayarwa bayan an wanke: latas mai kore sosai, ganyen karas, ganyen dankalin Hausa, ɗan kabeji kaɗan. Zogale da alayyafo suna da yawan kalsiyam, sai a taƙaita mata su yanzu. Shi karas ɗin kansa zaƙi ne, ɗan yanka ya isa. Albasa da ganyenta da tafarnuwa ba sa shiga kwanonsu ko kaɗan, kuma idan akwai tumfafiya a inda suke yawo a tumɓuke ta.

Ruwa yana da muhimmanci ga mafitsararta kamar zaɓin felet ɗin, ko ma fiye. Felet busasshen abinci ne, yana ƙara ƙishirwa, kuma zomo mai kilo 2 yana iya shan ƙaramin kofi ɗaya zuwa biyu a rana, ya ninka haka da bazara. Zomaye sun fi shan ruwa a buɗaɗɗen kasko mai nauyi da ba za su iya kifarwa ba fiye da kwalbar da ake ratayewa, kuma ruwan randa mai sanyi ya fi jan su. Ba sa gumi, ta kunnuwa suke fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 suna shiga wahala, alhali mu a Afrilu da Mayu muna wuce 40. A ɗauke kejin daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa inuwa mai iska, a yayyafa ruwa a ƙasan wurin, a mayar da babban abincinsu zuwa bayan Magariba da asuba, lokacin da suka fi ci. A waɗannan lokutan ne kuma ya kamata a sake su a tsakar gida su yi gudu na awa biyu ko uku, ana lura da kyanwa da kare.

Ba ki faɗi ko ƙaramin namiji ba ne ko mace. Ki sa wanda ya sani ya duba, domin namijin zomo yana iya barbara tun yana wata 4, cikin zomanya kuma kwana 31 ne kawai. Idan namiji ne kuma ba ku son ƙari, a raba su kafin ƙarshen wannan watan, ko a tuntuɓi likita kan dandaƙa. Idan kuwa aka bar su ta ɗauki ciki, to amsar da na ba ki a kanta za ta juya na ɗan lokaci: a ƙarshen cikin da duk tsawon shayarwa, wajen mako 6 zuwa 8, sai a koma ba ta alfalfa ko harawa a wadace, bayan an yaye 'ya'yan kuma a mayar da ita kan timoti da ciyawa a hankali, yadda aka yi da farko.